Da wace hujja ake gane kufan manoman zamanin tagulla a Ingila?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum, malamaina. Na karanta cewa manoman Ingila na zamanin tagulla, wato lokacin da ake ƙera kayan aiki da tagulla, zagayayyun ɗakuna suke ginawa da itace da laka, su yi musu jinka. To, tun da itace ruɓewa yake yi, laka kuma ruwa ke zaizaye ta, da wace hujja masu tono kayan tarihi suke cewa ga inda ɗaki ya taɓa tsayawa?

Mai Bin Kufai:
Wa alaikumus salam. Babbar hujjarsu ita ce ramukan dirkoki. Idan dirka ta ruɓe, ƙasar da ta cike gurbinta takan fi sauran duhu, saboda haka da zarar an kankare ƙasar sama sai a ga baƙaƙen tabo sun jeru a da'ira, ga tokar murhu a tsakiya, ga kuma gurbin ƙofa, wadda galibi ke duban gabas ko kudu maso gabas. Inda dutse ya wadata kuwa, harsashin yana nan a fili. A Grimspound da ke tuddan Dartmoor, inda aka yi tono a 1894, ɗakuna 24 ne a cikin katangar dutse guda.

Malama Mai Nazari:
Ɗalibi, ka nemi labarin Must Farm da ke kusa da Peterborough, domin a ganina can ne amsarka ta fi fitowa sarai. Wajen shekara ta 850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka kafa ɗakunan a kan turaku bisa wani kogi, ba a daɗe ba gobara ta cinye su, suka rufta cikin taɓo, taɓon kuma ya hana iska ruɓar da su. Da aka tona wurin a 2015 da 2016, an tarar da itatuwan rufin a kwance yadda suka faɗi, da lauje da gatura na tagulla, da tufafin da aka saƙa, har da kasko mai sauran fate a ciki, cokalin itacen yana tare da shi. Wannan kaskon ya fi komai taɓa mini zuciya.

Mai Bin Kufai:
Gaskiya ne, Malama. Sai dai Ɗalibi ya lura cewa ba waɗannan ne manoman farko ba. Noman alkama da sha'ir da kiwon shanu da tumaki sun shiga tsibirin Birtaniya, inda Ingila take, ne daga Turai tun wajen shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yawancin gidajen wancan lokaci da aka gano masu kusurwa huɗu ne.