Neman shawara: sanyi ya ƙarato wa ɗan lambuna a Mancesta, me zan tumɓuke, me zan bari?

Maman Biyu, Mancesta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu lambu a ƙasar nan, shawararku nake nema. Gidan da muke haya yana da ɗan fili a baya, rabi ciyawa rabi ƙasa. Da bazarar bana na shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa da tumatir a ƙasa, attarugu da zogale kuma a bokitai. Alayyafo ya yi albarka har maƙwabta sun samu. Kuɓewa ta tsaya iya gwiwa ta ƙi gaba, yakuwa kuma ganye kawai, ba alamar zoɓo. Yanzu ga Oktoba ta kama, tumatir na nan jingim amma ɗanye shar, ganyensa ya fara baƙi-baƙi, attarugu ma bai gama nuna ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ni 'yar Kura ce, a wurinmu lokacin sanyi shi ne lokacin lambu. Da an shiga hunturu za ka ga tumatir da albasa da kabeji da latas sun cika fangali a Kadawa. Nan kuwa duk wanda na tambaya sai ya ce in tattara in jira Afrilu. Da gaske ba abin da ake shukawa? Me zan cire, me zan shigar ɗaki, kuma yaushe ake fara renon iri? Na gode.

Kawu Mai Fartanya, Bolton

Wa'alaikumus salam 'yata. Ki fara da tumatir ɗin nan yau, kar ki kai shi ƙarshen mako. Baƙin da kika gani a ganye, in har ya fara bayyana a jikin karan, cutar nan ce da ke zuwa da danshi, wadda ke kama tumatir da dankalin Turawa. Ita ce ta jawo yunwar Ayalan a shekarun 1845 zuwa gaba, kuma yankinmu na arewa maso yamma da ruwa ba ya ɗaukewa, nan ne gidanta. Ki tsinke duk ƙwayar da ba ta da tabo, ki jera a kwali ko aljihun durowa, ki saka ayaba nunanna ɗaya a ciki. Iskar da ayaba ke fitarwa ita ke sa su nuna. Ki riƙa dubawa kina cire wanda ya fara ruɓa. Karan kuma ki tumɓuke ki zuba a kwandon sharar lambu na kansul, wato ƙaramar hukuma, kar ki bar shi kwance a fili.

Sai batun hunturun gida da na nan. Sunan ne ɗaya, amma abin ba ɗaya ba ne. Hunturun Kano rana ce tas daga safe har yamma, awa 11 da wani abu, ga dare mai sanyi, abin da tumatir ke so ke nan. A nan kuwa a ƙarshen Disamba hasken yini bai kai awa 8 ba, ita ma ranar a kwance take can ƙasa, girgije ya rufe ta. Masu lambu sun daɗe da lura cewa da zarar yini ya gaza awa 10, yawancin shuka na tsayawa cak, ko da sanyi bai kashe ta ba. A Mancesta wannan yana kamawa daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu. To kin ga ba sanyi kaɗai ba ne, rashin haske ne babba, shi kuwa ba bargon da zai maganta shi.

Amma masu cewa ba a shuka komai, ba su duba da kyau ba. Tafarnuwa yanzu ne lokacinta, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Ita sanyin ma take nema: sai ta sha wata guda zuwa biyu ƙasa da digiri 10 sannan take rarrabuwa ta yi 'ya'ya, in ba haka ba dunƙule ɗaya za ki tono. Ki sayi ta shuka a shagon lambu, ki ɓare, ki binne kowace ƙwaya tsini sama, tsinin ya nutse kamar santimita 2 ko 3, tsakaninsu santimita 15. Ta kanti ta girki sau da yawa daga Sifen ko Sin take zuwa, ba lallai ta jure ƙasar nan ba. Sai Yuni ko Yuli ki tono. Akwai kuma 'yan ƙananan albasa na dashe, masu suna Radar ko Senshyu, su ma yanzu ake binne su. Sai waken ful ɗin nan da ake karyawa da shi a Sudan da Saudiyya, irin da ake kira Aquadulce Claudia, ana shuka shi har cikin Nuwamba ya kwana a fili. Ɓera ne babban abokin gabarsa, yana tone ƙwayar.

Yaya Hajiya, Landan

Ƙanwata, alayyafo da yakuwa da kuɓewa ki yi musu sallama, daren farko da raɓa ta daskare za ki tashi ki tarar da su baƙi ƙirin. Wajenku hakan na iya faruwa daga ƙarshen watan nan. Kafin nan ki yanke ganyen kaf, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, ki tsame a ruwan sanyi, ki matse, ki ƙulla daidai miya ɗaya-ɗaya ki jefa firiza. Kar ki ce za ki shanya, a ƙasar nan fumfuna za ki kwasa.

Kan alayyafon da ya yi huda ya bushe ki yanko, ki kifa shi cikin jakar takarda, ki rataye a ɗaki. Irin zai zube da kansa, kuma kai ɗaya ya ishe ki har da kyauta. Jakar takarda fa, ba leda ba.

Yakuwa kuwa ba laifinki ba ne. Ba ta fure sai yini ya fara gajarta, a nan kuma lokacin da hakan zai faru sanyi ya riga ya shigo. Ki shuka ta don ganye, zoɓo ki saya a shagon 'yan Afirka hankalinki kwance. Kuɓewa ma a fili wahala ce, in ba ɗakin gilashi ko rumfar leda gare ki ba, ni dai ba na ba kowa shawararta.

Malamin Lissafi, Gilasgo

Maman Biyu, attarugunki shi ne dukiyar da ke cikin lambun nan, kar ki bari ya mutu. Mutane na ɗauka shukar shekara ɗaya ce, alhali yana iya shekaru in sanyi bai taɓa shi ba. Kuma shi attarugu jinkirin nuna gare shi, shi ya sa na shekarar farko a ƙasar nan kullum Oktoba ke riskarsa ɗanye. Wanda ya tsallake hunturu kuwa yana da saiwa a shirye, zai riga sabon shuka fure da nisa.

Ki shigo da bokitan kafin dare ya fara sauka ƙasa da digiri 10. Ki bar su a taga mai haske har 'ya'yan su nuna, ki tsinke, sannan ki datse rassan ki bar kamar tsawon tafin hannu daga inda karan ya rabu biyu. Ki ajiye a ɗaki mai ɗan sanyi, ba kusa da hita ba. Ruwa kaɗan-kaɗan, sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe. Yawancin waɗanda ke mutuwa a ɗaki ruwa ne ke kashe su, ba ƙishirwa ba. Taki kuma babu sai Maris. Ki riƙa leƙa bayan ganye saboda darɓa, tana son ɗumin ɗaki. In kin gani ki wanke ta da ruwa a baho.

Zogale ma haka, sai dai shi ya fi raki. Ganyen zai zube tas ya bar sanda, kar ki ce ya mutu ki zubar. In saiwar ba ta jiƙe ta ruɓe ba, yakan farfaɗo da bazara. Yakan, na ce, ba kullum ba.

Yaya Hajiya, Landan

Malam, ni fa wannan renon attarugu a ɗaki ban ga ribarsa ba ga mai yara ƙanana da gidan haya. Ga ƙananan ƙudajen nan da ke fitowa daga ƙasar bokiti su cika kicin, ga danshi a taga. Ba gara ta sayi sabon dashe a Mayu ba?

Malamin Lissafi, Gilasgo

Yaya, ƙudajen nan alamar ruwa ya yi yawa ne, in saman ƙasar ya bushe ba sa zama. Kuma dashen da ake sayarwa ba lallai ya zama irin namu mai ƙamshin nan ba. Ta zaɓi biyu mafi ƙarfi ta ajiye, sauran ta bari. Biyu ba za su cika mata ɗaki ba.

Baba Manomi, Zariya

Ni ban taɓa taka Ingila ba, amma ƙasa ƙasa ce. Manomin kirki da rani yake kai taki gona, ba ranar shuka ba. Tunda an ce miki wata huɗu fili zai zauna, to ki ciyar da shi a lokacin. Ku da kuke can, ba kashin shanu ko na doki a wajenku?

Kawu Mai Fartanya, Bolton

Akwai, Baba, kuma maganarka ita ce maganar. Masu dawaki a bayan gari da yawa kyauta suke bayarwa, wanda ya kwana ya ruɓe za ta nema. 'Yata, inda kika cire tumatir da alayyafo ki shimfiɗa kwali marar leda, ki zuba taki a kai kaurin yatsu uku, ki tafi abinki. Tana, tsutsar ƙasar nan, za ta ja shi ciki, ciyawa kuma ba za ta samu haske ba. Da can mutanen nan kaftu suke yi da kaka, su bar sanyi ya farfasa hoge, har yanzu tsofaffin masu lambu na wajenmu haka suke yi kuma ba na musu da su. Amma ni na ga rufewar ta fi sauƙi ga baya, kuma ƙasar ba ta kwana tsirara ruwa na wanke ta. Abu ɗaya dai: ƙasar wajen nan yawanci laka ce, in ta jiƙe kar ki taka ta, dannewa take yi ta koma dutse. Ki ɗora katako ki bi ta kai.

Ganyen bishiya da ke zuba a Nuwamba ki tara a baƙar leda, ki yayyafa ruwa, ki huhhuda, ki jefa bayan gida. Shekara ɗaya zuwa biyu zai zama baƙar ƙasa mai laushi. Ɓangaren ciyawar kuwa kar ki sa masa fartanya sai kin tambayi mai gidan, wasu sukan cire daga kuɗin ajiya.

Anti Nas, Bamingam

Ba wanda ya yi maganar dodon-koɗin nan marar ɓawo, shi ne zai cinye miki duk ɗan tsiron da ya leƙo, da kaka da kuma farkon bazara. Tsohon maganinsa mai guba na metaldehyde an hana shi a Birtaniya tun Afrilun 2022, in kin tarar da tsohon gwangwani a rumfar gidan kar ki yi amfani da shi. Wanda aka yarda da shi na sinadarin ƙarfe ne, ki barbaɗa kaɗan. Ni fitila nake ɗauka bayan isha in tsince su.

In kina son ɗanyen ganye da hunturu, akwai kel, ɗan'uwan kabeji mai kauri, sanyi ma daɗi yake ƙara masa, kuma yana shiga miyar taushe ba laifi. Sai dai bana kin makara, tun Mayu ko Yuni ake shuka shi ya girma kafin haske ya tafi. Ki rubuta shi cikin na baɗi, ki tanadi raga, don manyan tattabarun nan ba sa barin ko ganye ɗaya.

Maman Biyu, Mancesta

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na tsinke tumatir, attarugu biyu sun shigo. Saura tambayata ta ƙarshe, renon iri. Wata ta ce min ita tun Janairu take fara komai a taga. In bi ta?

Kawu Mai Fartanya, Bolton

A'a 'yata, sauri ya haifi nawa. Abin da kika shuka a taga a Janairu, ga ɗumin hita ga rashin rana, zai miƙe ne siriri fari kamar taliya, ya faɗi. Attarugu kaɗai ke da uzurin farawa da wuri, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, saboda jinkirinsa, shi ma sai da ɗumi na digiri 25 zuwa 30 kafin ya tsiro, kuma yakan yi mako biyu zuwa huɗu bai leƙo ba. In ba ki da fitilar reno, ki bari sai tsakiyar Fabrairu. Tumatir tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu. Alayyafo da yakuwa ƙarshen Afrilu a ɗaki. A Fabrairu ki sayi dankalin Turawa na shuka ki jera a kwalin ƙwai kusa da taga ya yi tsiro, ki binne shi ƙarshen Maris ko cikin Afrilu.

Albasa kuma kar ki sa a aiko miki da irin gida. Tamu ta saba da yinin awa 12, da ta ga doguwar ranar nan sai ta yi saurin ɗaure kai tun tana ƙarama. Ki sayi irin nan.

Sannan Afrilu mayaudariya ce. Za a yi kwanaki ana rana har ki cire rigar sanyi, sai dare ɗaya raɓa ta daskare. Wajenmu hakan na iya kaiwa tsakiyar Mayu, don haka duk wani abin ƙasar zafi ba ya kwana a waje sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Kafin nan ki riƙa fitar da su da rana kina shigarwa da dare na kamar kwana 10, su saba da iska. Ki riƙa duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta ƙasar nan, ki kuma ajiye farin mayafin nan marar nauyi da ake rufa wa shuka, na daren da aka ce zai sauka ƙasa da digiri 3. In kin samu sarari ki kai yara lambun RHS Bridgewater, na ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, da ke Salford kusa da ku, wanda aka buɗe a 2021, ki shiga ɓangaren kayan miya ki ga abin da suka bari a ƙasa da hunturu. Yanayinku ɗaya da su, abin da ya tsaya a can zai tsaya a bayan gidanki.