Inji yana ƙasa, giyabos ya gagara: wanne zan saka wa GT40 ta haɗin gida?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan giyabos.

A nan Ingila na sayi motar haɗin gida wadda wani dattijo ya fara bai ƙarasa ba. Kwaikwayon Ford GT40 ce, wadda ta cinye tseren Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969. Ga wanda bai saba ba, kamfani ne ke sayar maka da firam da bodi, kai kuma ka nemo inji da giya da sauran tarkace ka haɗa a garejinka. Na tarar da firam, bodin faiba, ƙafafu huɗu da birkinsu, da injin Ford V8 mai lamba 302, kusan lita 5 ke nan, an yi masa garambawul an ɗora shi kan katako an lulluɓe da tsohon bargo. Giyabos kuwa babu. Dattijon ya ce wani ya taya da daraja, ya sallama tun bara.

Injin motar nan a tsakiya yake zama, bayan kujerar direba, gaban tayoyin baya. Ba kamar 504 ba, da inji ke gaba farfela ta miƙe har aksul na baya. A nan babu wurin farfela sam, dole giya da difiranshal su zauna cikin kwano guda, dirabin shaf su fito ta gefensa su tafi taya kai tsaye.

Uku nake gani a kasuwa: Renault UN1, na Audi mai giya shida, da Porsche G50. Giyabos ɗin kamfanin ZF irin na ainihin motar kuwa, da na ga kuɗinsa shiru na yi na rufe shafin. Injin bai wuce ƙarfin doki 300 ba, kuma ba tsere zan yi ba, yawon ƙarshen mako ne. Wanne zan kama?

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka fitar da ko fam ɗaya, shiga ƙarƙashin firam ɗin da tocila da tef. Duba kunnuwan da aka yi wa walda a can baya, inda giyabos ke rataya. Su za su gaya maka wanda aka yanka wa motar wuri. Yawancin irin waɗannan da aka haɗa a Ingila a shekarun 1980 da 1990 UN1 aka yi wa gurbi, don a lokacin Renault 25 da 21 Turbo birjik suke a wurin 'yan gwangwan. Yanzu sun yi wuya, amma ana samu.

In UN1 ne, tambayi daga wace mota aka ciro shi. Na Renault 21 Turbo lissafin kurawun ɗinsa, wato babban haƙorin difiranshal, 3.44 ne, na Renault 25 mai V6 kuma 3.89. A takarda kamar ba wani abu ba, amma lissafa: da taya mai inci 26, a giya ta biyar, kana mil 70 a awa, na farkon zai riƙe inji a juyi kusan 2,550 a minti, na biyun kusan 2,900. V8 ba ya son a yi ta kaɗa shi haka, kuma ka tuna a bayan ƙeyarka yake zaune, gilashi ɗaya ne tsakaninku. Daga Leicester zuwa Landan kunnenka zai ba ka labari.

Ka kiyayi na Alpine GTA. Shi ma UN1 ne, amma injin waccan motar a can ƙarshen baya yake, saboda haka kurawun ɗin yana ɗaya ɓangaren. Ka ɗaura shi yadda yake, ka samu ribas biyar da giyar gaba ɗaya tak. Ana iya juya shi, amma aikin mai buɗe giya ne, da kuɗinsa.

Raunin UN1 sananne ne: shaf ɗin da ke karɓar ƙarfi daga kuloci gida biyu ne aka haɗa, a mahaɗar yake karyewa, sannan giya ta biyar ba ta son a danna mata totur daga ƙasa. Kamfanin Lotus ya yi amfani da shi a motarsa Esprit shekara da shekaru, har da mai V8, don haka ba abin rainawa ba ne. Akwai masu sayar da shaf guda miƙaƙƙe, haɗe da giya ta ɗaya da ta biyu masu tsawo. A doki 300, da ƙafa mai hankali, zai kai ka.

Oga Mai Jamus:

Yallaɓai, ni a Kaduna nake, motocin Jamus nake gyarawa. Ban taɓa sa hannu a irin motarka ba, amma giyar Audi na san ta ciki da bai. Da kusa kake da na ce mu zaga Panteka, sai dai kayan Beljiyam ɗin daga wajenku suke zuwa, ba ma'ana a mayar da su.

Nemi na wadda ke ja da gaba kaɗai. Na quattro, wato mai ja da ƙafa huɗu, yana da wani difiranshal a tsakiya da mafita ta baya, ba zai yi maka ba sai an yi masa tiyata. Giyabos mai lamba 01E na Audi A6 mai dizal 2.5 shi ne daidai, don giyar dizal doguwa ce, ta dace da injin da ƙarfinsa ke ƙasa-ƙasa. Akwai haruffa uku da aka buga a jikin kwanon, su ke nuna lissafin haƙoran ciki. Kada ka yarda da bakin mai kaya, ya ɗauko maka hoton haruffan.

In ka je gani, kwance notin zubar da mai. Baƙin gari mai laushi a jikin maganaɗisu ba komai, amma in ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli da za ka iya tsinta da farce, yi sallama ka tafi. Sannan kama shaf ɗin gaba ka girgiza, ka juya shi da hannu a kowace giya kana saurare.

Bakatsine a Texas:

Ni dai ban goyi bayan UN1 ba. Yau doki 300 ne, baɗi za ka canja kan inji da kafireta, kowa haka yake cewa da farko. A nan Amurka G50 aka fi yarda da shi, wanda kamfanin Getrag ya yi wa Porsche 911 daga 1987. Shi ma na mota mai inji a baya ne, don haka kife shi ake yi, sama ta koma ƙasa. Da an kife, juyin taya ya daidaita, injin kuma ya ƙara yin ƙasa, abin da ake so a motar da tsayinta inci 40 ne kacal. Sai dai a sauya wa bututun numfashinsa wuri, a kuma kula da yadda mai zai riƙa kai wa haƙoran da suka koma sama. Kamfanin Kennedy a Kalifoniya suna yin farantin haɗa shi da injin Ford. Tsada kam akwai, don masu tsofaffin 911 ma nemansa suke.

ZF da ka rufe wa shafi, ko na De Tomaso Pantera ka samu na hannu, a kife yake in aka gwada da na GT40, sai an juya. Ka manta da shi kawai.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na shiga na duba. Kunnuwa biyu ne a baya, kuma cikin wani kwali na tsinci dirabin shaf guda biyu da sandar canja giya, an rubuta Renault da alli a jikin kwalin. Magana ta ƙare ke nan, UN1 aka yanka wa wuri.

Ɗan'uwana na Texas, hujjarka tana da ƙarfi, amma in na bi G50 sai na yanke kunnuwan nan, na sake shaf, na sake hanyar sandar giya, wataƙila har salansa, wadda bututunta takwas ke nannaɗe a saman giyabos ɗin. Ga kuɗin jirgi daga Amurka, ga harajin VAT kashi 20 cikin 100 a kai. Na Audi ma kusan aikin ɗaya ne, ko da yake shi ya fi sauƙin samu. Zan nemi na 21 Turbo, in sa a saka masa shaf miƙaƙƙe tun yana kan benci. Saura fulawil da kuloci, don su ma babu.

Baban Hanifa:

To, a nan ne mutane ke asara. Farantin haɗi, fulawil, kuloci, boris ɗin tsakiyar kuranshaf da kik, ka saye su a hannun mutum ɗaya, a matsayin saiti. In ka tsinto su ɗai-ɗai a eBay, za ka tarar haƙorin kik bai kai fulawil ba, ko kuloci ya ƙi saki saboda tazarar milimita uku, kuma ba wanda zai amsa laifi.

Kafin ka yi oda, gano shekarar injin. Shi 302 ana daidaita nauyinsa daga waje ne, da fulawil da fulin gaba. Nauyin daidaitawar na da oza 28 ne, daga farkon shekarun 1980 Ford ta koma oza 50. Ka saka wanda ba nasa ba, motar za ta yi ta karkarwa har ta cinye metal. Duba lambar da ke jikin bulok wajen mazaunin kik: mai farawa da C na shekarun 1960 ne, D na 1970, E na 1980, F na 1990. Amma tunda an yi masa garambawul, tambayi dattijon wane kuranshaf aka saka, don shi ne mai hukunci, ba bulok ba.

Shekarar za ta sake yi maka amfani ranar gwajin IVA, wanda hukumar duba motoci ta DVSA ke yi wa motar haɗin gida kafin ta hau titi, domin da ita ake auna hayaƙi. Injin da aka ƙera kafin Agustan 1975 da ido kawai ake duba hayaƙinsa, na bayan nan sai an sa na'ura, kuma takardar shaidar shekarar suke so, ba baki ba. Rasit ɗin giyabos da na gyaransa ma ka adana. DVLA, hukumar rajistar motoci, tana ba da lambar sabuwar mota ne in komai sabo ne, an yafe babban ɓangare ɗaya da aka gyara ya koma kamar sabo. Kai da ke da tsohon inji da tsohon giyabos, ka sa a ranka lamba mai harafin Q za a ba ka, ba ta sabuwar mota ba.

Turo hoton lambar bulok ɗin in ka goge ta, mu karanta tare.