Mai mota na son sayarwa, kamfani ya ce sai bayan wata 24: in shiga cinikin nan?

Ɗan Kamasho

Assalamu alaikum. Shekarata tara ina dillancin motoci masu tsada, amma na hannu. Irin waɗanda kamfani ke ƙera 'yan ɗaruruwa ya rufe, ya kuma zaɓi wanda zai sayar wa, ban taɓa taɓa cinikinsu ba sai yanzu.

Wani maigidana ne ya samu gurbin sayen irin wannan mota a wajen wani kamfani, ba zan kama suna ba. Wata biyu ke nan da isowar motar. Na je na gan ta da idona: leda na nan a kan kujeru, kilomita 31 kacal ta yi, an jona wa batirinta waya don kada ya mutu a ajiye. Yanzu harkarsa ta ɗan tsaya yana neman kuɗi, ni kuma ina da mai saye da ya yarda ya ɗora kusan rabin kuɗinta a sama. La'adata a wannan ciniki ɗaya ta fi duk abin da na samu bara.

Sai ya miƙo mini takardun. A shafi na shida an rubuta ba zai sayar ba sai bayan wata 24, in kuma ya matsu, dilan kamfanin zai fara yi wa tayi. Shi cewa yake: "Da kuɗina na saya, wa zai hana ni?" Ni dai ban sa hannu a komai ba. To wannan sharaɗi yana da haƙora, ko barazana ce kawai? In an tashi kamu, har da ni?

Baban Ikram

Wa alaikumus salam. Malam, yana da haƙora, har da fiƙa. Ford GT ta 2017 ita ce misalin da kowa ya sani a harkar nan. Ba zuwa kake yi da kuɗi ka ɗauka ba, takardar nema ake cikewa kamar mai neman aiki, mutum sama da 6,000 suka nemi 500 na farko. Wanda aka zaɓa kuma sai ya yarda zai riƙe ta wata 24. John Cena, ɗan kokawar nan na Amurka, ya karɓi tasa ya sayar ko wata ɗaya ba a yi ba. Ƙarshen 2017 Ford ta maka shi a kotu. Ya kare kansa da cewa sharaɗin ba ya cikin takardar ƙarshe da ya sa wa hannu, amma duk da haka sasantawa aka yi a 2018, ya biya, kuɗin aka ba ƙungiyoyin agaji.

Abin da ya shafe ka: ba su tsaya kan Cena ba, dilan da ya sayi motar a Kalifoniya shi ma sun kai shi ƙara. Don haka "ban sa hannu ba" ba laya ba ce.

Kuma kotu ma ita ce ƙaramar. Babban hukuncin shi ne a daina kiran mutum. Shugaban Rolls-Royce na lokacin, Torsten Müller-Ötvös, ya faɗa ƙarara a 2023 cewa wanda ya sayi motarsu Spectre ya juyar da ita nan take don riba ba za su sake sayar masa da mota ba. Andy Palmer ya faɗi makamancin haka kan motarsu Valkyrie lokacin yana shugabancin Aston Martin. Ka tambayi maigidan naka motoci nawa ya saya kafin a ba shi gurbin nan. Wannan tarihin ne zai sayar, ita motar ƙari ce kawai.

Mai Giyar Hannu

Baban Ikram ya faɗi gaskiya kan haɗarin, amma ni yadda kamfanonin nan ke nuna kansu a matsayin waɗanda aka zalunta ne ba ya shiga kaina. Su ne fa suka ƙirƙiri ƙarancin. Ana danganta wa Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, cewa a ko da yaushe a ƙera mota ɗaya ƙasa da abin da kasuwa ke nema. To ka hana mutane abu da gangan, farashi ya tashi, sannan ka ji haushin dillalin da ya haɗa mai so da mai shi?

Dubi motarsu LaFerrari. Guda 499 aka yi, kuma gayyata ake yi kafin ka saya. Ta 500 da suka ƙera don agajin girgizar ƙasar Italiya, a gwanjo aka sayar da ita dala miliyan 7 a 2016, ninkin ba ninkin kuɗin sauran. Abin alheri ne, ban musa ba, amma ya nuna sun san ainihin kuɗin kayansu sarai. A shekarar ce kuma Preston Henn, attajirin Florida mai tarin Ferrari, ya aika musu cakin dala miliyan 1 kafin alƙalami na LaFerrari Aperta, suka mayar masa da abinsa. Ya kai ƙara, daga baya ya janye. Irin wannan mutum ina zai je in ba wajen dillali ba?

Ni Porsche ce ta burge ni. Da motarsu 911 R ta fito a 2016, guda 991, 'yan juyi, wato masu saye don su sayar da riba, suka kai farashinta sama. Ba a ji su a kotu ba. Shekara na zagayowa suka fito da GT3 mai giyar hannu, da samfurin Touring marar babban fiffike a baya, wato kusan abin da mutane ke rububi a kai. Farashin R ya sauko da kansa. Maganin ke nan, amma yawancinsu ba sa so, don layin masu jira shi ne tallarsu.

Maman Sadiq

Ɗan'uwa, ku bar gardamar wa ke da gaskiya, ka duba inda kai za ka tsaya in ciniki ya ɓaci. Maigidanka yana da lauya, mai sayen yana da lauya. Kai fa?

Kuma mai sayen ya san da shafi na shidan? In ka ɓoye masa, ranar da ya kai motar sabis aka shigar da lambar shasi a kwamfuta aka ga hannu ya canza, kai zai nema. Wasu kamfanonin ta garanti suke kama mutum: kamfanin General Motors (GM) ya yi hakan da Corvette Z06 ta 2023, in an sayar da wuri garantin wasu sassa ba ya bin motar. Irin wannan injin ba a wasa da shi ba garanti.

Za a kawo maka dabaru, a ce a bar motar da sunan mai ita a karɓi kuɗi a ɓoye sai wa'adi ya cika. Cinikin biri a sama ke nan. In ya rasu, ko masu bin sa bashi suka riƙe motar, wata 22 ba kwana biyu ba ne. Kai takardar wajen lauyan ƙasar da aka ƙulla ta, don dokar can ce za ta yi aiki. Sannan shi mai motar ya kira dilan ya gaya musu ya matsu. Tunda takardar ta ce a fara yi musu tayi, a nemi amsarsu a rubuce.

Ɗan Kamasho

Na gode ƙwarai. Baban Ikram, na yi masa tambayar. Motoci huɗu ya saya a wajensu cikin shekara bakwai, biyu a ciki ma ya ce bai taɓa sonsu ba, don dai a san da shi ne. Da yana lissafa mini sai ya yi shiru.

Hajiya, mai sayen bai sani ba, jiya da dare na tura masa hoton shafin. Bai fasa ba, amma ya rage abin da zai ɗora, kuma ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai ya ga takardar dilan. Maigidan zai kira su ranar Litinin. In sun ce za su karɓa da kansu, la'adata ta bi ruwa, sai dai ya ce in nema wa ɗaya daga cikin biyun nan da ba ya so mai saye. Ita ba ta da shafi na shida, na duba sau biyu.