Kowa ya ci ladan kuturu: wa ya ci, wa ke askin?

Jikan Wanzamai: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau kowa ya san ta: "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." A gidan wanzamai na tashi a cikin gari, kuma a bakin kakana na fara jin ta. A wurinsa dokar sana'a ce. Akwai wani dattijo mai wannan lalura da ke zuwa ƙofar gidanmu duk Alhamis da hantsi. Wasu wanzaman in sun hango shi sai su ce askarsu ba kaifi. Kakana kuwa buzu yake shimfiɗa masa, ya buɗe zabira, ya wasa aska a jikin fata, ya jiƙa masa kai da ruwan ɗumi, ya aske shi tas har da gyaran fuska. Yakan ce mana, in ba za ka iya ba, kada ka miƙa hannu tun farko.

Jiya a majalisarmu bayan isha'i wani ya jefa ta kan shugabannin da ke zuwa ƙasashen waje a rataya musu lambar girma. Cewa ya yi duk wanda aka rataya wa, an riga an biya shi. Musu ya kaure har aka tashi ba a rabu ba. Shin ta zauna a nan, ko an ɗora mata kayan da ba nata ba?

Malamin Hausa daga Gwale: Wa'alaikumussalam. Ƙanena, an ɗora mata kayan da ba nata ba. Lada a nan kuɗin aiki ne, wanda aka yi ciniki a kai, aka karɓa kafin a taɓa aikin. Maganar cika alkawari take yi. Lambar girma kuwa kyauta ce, babu cinikin da aka yi. In ana neman wadda ta fi kusa, akwai "yaba kyauta tukwici", akwai kuma "in baki ya ci, ido ya ji kunya".

Ga shaida daga tarihinmu. Sardauna ya karɓi lambar KBE daga Sarauniyar Ingila a 1959, Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi tasa a 1960, shi ya sa ake kiran su Sa. Wannan bai hana Balewa tsayawa a taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1961 ya yi adawa da mulkin wariyar launin fata ba, har Afirka ta Kudu ta fice. A farkon 1961 ɗin gwamnatinsa ta sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara. A 1962 kuma aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila. Ina askin da ya yi musu?

Ɗalibar tarihi: Allah ya gafarta Malam, misalinka na ƙarshe ne ya tsaya mini. Ai gwamnatin ce ta ƙulla yarjejeniyar tsaron a 1960, har da bai wa jiragen yaƙin Ingila damar ratsa sararin samaniyarmu da sauka. Ba don ra'ayin kanta ta soke ba. Ɗalibai ne suka fita zanga-zanga, 'yan adawa suka hana ta sakat. Ke nan an riga an jiƙa kai, an wasa aska, jama'a ne suka riƙe hannun wanzamin. Ban ce lambar ce ta sa aka sa hannu ba, Allah ya kiyashe ni da ƙazafi ga magabata. Abin da na ce, da mutane sun yi shiru da askin ya tabbata.

Malamin Hausa daga Gwale: Na karɓi wannan, 'yata. Amma har yanzu ba ki mayar da kyauta ta zama lada ba.

Direban Dawanau: Malam, tsakanin ƙasa da ƙasa akwai kyauta ne? Ruwa ba ya tsami banza. Mu ma ai muna bayarwa. A Nuwamban 2024 aka bai wa Firayim Ministan Indiya, Narendra Modi, lambar GCON a Abuja. Don ƙaunar fuskarsa aka ba shi? Kasuwanci muke nema da zuba jari. To in mun san dalilin da ya sa muke bayarwa, su ma sun san nasu. Cinikin da ba a furta ba ya fi ɗaure mutum, don babu ranar da zai ce na gama biya.

Tsohon soja: Ku bari in sa baki, don ni askin da kaina na yi shi. Ina cikin waɗanda aka kai Laberiya a rundunar ECOMOG, ta kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen ECOWAS. A 1990 aka fara tura mu, lokacin Janar Babangida, daga baya aikin ya kai har Saliyo lokacin Janar Abacha. A zamanin babu majalisa, babu wanda aka tambaya. Bayan dawowar mulkin farar hula, Obasanjo da bakinsa ya ce ƙasar nan ta kashe kimanin dala biliyan 8 a wannan aiki, sojojin da suka kwanta dama kuma ɗaruruwa ne.

Akwai abokina, ɗan Gobirawa, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Yana da wani ɗan carbi na roba, shuɗi, da yake ɗaurawa a hannu. Ni na kwance shi daga hannunsa, ni na kawo wa matarsa a cikin ambulan. Ta karɓa ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce da ni, "Yaya, wai me ya haɗa mu da mutanen can?" Wallahi ban iya ba ta amsa ba. Waɗanda ya kamata su zo su yi mata bayani kuma ba su zo ba.

Don haka ni a wurina karin maganar nan ta gaza ta wuri ɗaya. Kakanka shi ya karɓi lada, shi ya riƙe aska. A harkar gwamnati mai cin ladan daban, mai askin daban. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi".

Ma'aikacin jinya: Baba, Allah ya jiƙan abokinka. Amma da girmamawa, zuwan naku ba banza ba ne. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku ne kuka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a Saliyo a 1998. Rayukan da kuka tsirar Allah kaɗai ya san yawansu.

Tsohon soja: Ɗana, ban ce kada a je ba. Ko yau aka ce a je a raba, da ƙarfina zan je. Cewa na yi a faɗa wa masu 'ya'yan dalili, a faɗi abin da aka kashe, a faɗi sunayen waɗanda ba su dawo ba.

Lauya daga Nassarawa: Abin da Baba ya nema, rabinsa yana rubuce. Sashe na 5(4) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun tarayya biyu sun zauna tare sun amince, kuma ba za a tura soja fagen fama a waje ba sai da izinin Majalisar Dattawa. Sashe na 5(5) ya bar ƙofa: in tsaron ƙasa na cikin haɗari na gaggawa zai iya turawa, amma ya nemi yardar Dattawa cikin kwana 7 da fara fafatawa, su kuma su amsa cikin kwana 14. Sashe na 12 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a nan sai majalisa ta mayar da ita doka.

Matsalar ita ce bin abin. Ku tuna Bakassi. Kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, aka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a 2006, Majalisar Dattawa ta ce a 2007 ba a kawo mata ba, amma a 2008 aka kammala miƙa yankin ga Kamaru.

Game da lambobi, wasu ƙasashe sun yarda da Direba fiye da Malam. Kundin Amurka ya hana mai riƙe da muƙami karɓar kyauta ko sarauta daga wata ƙasa sai majalisarsu ta yarda. Na Indiya ya hana ɗan ƙasa karɓar laƙabin sarauta daga ƙasar waje. Namu ya ce kyautar da aka bai wa jami'i a wurin biki na hukuma, ta hukumar da yake wakilta ce.

Hajiya mai atamfa a Kwari: Lauya, ni ban san sashe ba, na san abin da ya same ni. Da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba su kwana 7, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta. Ni abokan cinikina mutanen Maraɗi ne da Damagaram. Sukan ɗauki kaya bashi, su biya in sun dawo sari, shekara da shekaru ba mu taɓa saɓawa ba. Sai ga bandir-bandir a shago ƙura na hawa, ina kakkaɓewa kullum da safe. Ƙanwar mahaifiyata tana aure a Maraɗi, ta kira ni cikin dare tana tambaya wai da gaske ne za mu kawo musu yaƙi. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, wa aka tambaya a cikinsu kafin a ba da wa'adin?

Ban ce an ci ladan kowa ba, ban gani ba. Amma askin a kanmu aka yi shi, sai Maris na 2024 aka buɗe iyakar.

Lauya daga Nassarawa: Hajiya, a nan kam dokar ta yi aiki ta ɓangaren yaƙi. Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa, su kuma ranar 5 ga Agusta suka ce a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi, mutanen Kano sun fita titi, Sarki Sanusi ya je Yamai ya ga Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, malamai ma suka bi baya. Rufe iyaka da yanke wuta kuwa ba su bi ta ƙuri'ar majalisa ba.

Ma'aikacin jinya: Wani abu na damuna. In muka ci gaba da sa ƙasashen da muke zargi a gurbin kuturu, muna ƙara wa masu lalurar ƙyama ne. Cuta ce da ake warkewa, maganinta kyauta ake bayarwa.

Jikan Wanzamai: Ka yi gaskiya, kuma nan ne nake ganin mutane ke juya maganar. A cikinta kuturu ba shi da laifi ko kaɗan. Ya biya, haƙƙinsa yake nema. Dattijon nan na ƙofar gidanmu mutumin kirki ne, kwabbansa a ƙulle cikin tsumma yake kawo su, bai taɓa ragewa ba. Wanzami ake wa magana. Ƙasar da ta ba da lamba ko bashi ko makami, nata take karewa. Namu za mu tambaya me ya karɓa, me ya ce zai yi, tunda askar da ke hannunsa ba tasa ba ce.

Malamin Hausa daga Gwale: To a haka na sauko rabin hanya. Ina nan kan cewa lamba ba lada ba ce, kuma ba na son a riƙa jifan duk wanda aka karrama da zargi. Amma na yarda jama'a ba za su iya bambance kyauta da lada ba sai an buɗe musu zabirar. Ku tuna ɗan garin nan, Janar Murtala. Da shugaban Amurka Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa kan Angola, gwamnatinsa fitar da ita ta yi kowa ya gani, sannan ya je Addis Ababa a Janairun 1976 ya tsaya kan goyon bayan MPLA, ƙungiyar Angola da Amurka ke adawa da ita. Soja ne, ba zaɓensa aka yi ba, amma a wannan karon bai ɓoye wa mutane abin da aka nema a wurinsa ba.

Hajiya mai atamfa a Kwari: Lauya, sanatocinmu uku na Kano, ta yaya zan san abin da kowannensu ya faɗa a ranar?

Lauya daga Nassarawa: Zaman sirri suka yi, Hajiya, matsayar kawai aka karanto. Sai dai ki tambayi naki kai tsaye. Ki rubuta takarda, 'yan layinku su sa hannu, a kai ofishinsa na mazaɓa, ki riƙe kwafi da aka buga wa hatimin karɓa.

Hajiya mai atamfa a Kwari: To ka rubuta mana ita da Hausa, ranar Asabar in zaga da ita layinmu.

Tsohon soja: In kun gama ku aiko mini, ni ma in sa hannu.