Rijiyar mai ta kwance, ta yaya ake gane ta yi kyau?

Ɗan Ajin Ƙarshe:
Salam 'yan uwa. Don Allah wannan haƙar da ake lanƙwasa rijiya ta bi kwance, meye amfaninta, kuma ta yaya ake sanin kuɗi bai tafi a banza ba? Lakcara ya bi ta kai da gudu, ni kam ban gane komai ba.

Injiniya:
Ƙanena, dutsen da mai ke ciki shimfiɗe yake kamar katifa, wani kaurinsa bai wuce mita 20 ba. In ka haƙa a tsaye mita 20 ɗin kawai ka taɓa, in ka lanƙwasa kuwa sai ka bi cikinsa kilomita 2 ko 3, da haka Amurka ta farfaɗo da haƙar mai a yankin Permian a Texas, sun haɗa da fasa dutse da ruwa da yashi. Abin dubawa na farko shi ne bututun ya zauna cikin dutsen ko ya fita, akwai na'ura kusa da haƙorin da ke haƙa a can ƙasa, mai turo bayani sama ana cikin aiki.

Maman Hanan:
Kuma kar gangunan man watan farko su ruɗe ka. Rijiyar shel, wato wadda aka haƙa cikin matsattsen dutsen da sai an fasa shi mai ke fita, tana iya rasa fiye da rabin abin da take bayarwa cikin shekara ɗaya, sai a bi lissafin wata-wata a ga ko za ta maido kuɗinta. A duba ruwa ma, wata rijiyar tana farawa lafiya sai ruwan gishiri ya rinjayi man.

Ɗan Ajin Ƙarshe:
Na gode Yaya, Allah ya saka. Anti, in ruwan ya shigo ana iya toshe shi?