Abin da aka tattauna kan fim ɗin Memoir of a Snail, a taƙaice

Jama'a hirar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro saboda waɗanda ba su kalla ba tukuna.

1. Kusan kowa ya yarda kar a ga 'yan tsana na yumɓu a ɗauka katun ɗin yara ne. Akwai mutuwa, shaye-shaye da tsiraici, don Allah kar a kunna wa yara.

2. Wajen da ya fi sa mutane hawaye shi ne raba tagwayen nan Grace da Gilbert bayan rasuwar babansu, ita aka kai ta Kanbera, babban birnin Ostiraliya, shi kuma aka tura shi yammacin Ostiraliya hannun wasu masu tsaurin addini, sai wasiƙa kawai tsakaninsu. Masu shawara sun ce in kwanan nan ka yi rashi ko kana cikin damuwa ka ɗan dakata, ko ka kalla da wani a kusa. Ni ma nan na tsaya wallahi.

3. An rabu kan yawan baƙin cikin. Wasu sun ce Adam Elliot, wanda ya shirya fim ɗin, ya jibga wa Grace masifa har ta yi yawa, wasu suka ce ai tsohuwa Pinky, ƙawar Grace, da barkwancinta tana sauƙaƙa abin.

4. A kalla a babban allo in da hali, komai da hannu aka ƙera aka ɗauka hoto bayan hoto, ɗakin Grace cike da tarkacen dodon koɗi ba ya fitowa sosai a waya.

5. Wanda ya ji daɗinsa ya nemi Mary and Max na 2009, mutum ɗaya ne ya yi su.