Shin in bar tuwo in koma ga nama da mai saboda ciwon suga?

Abu Sadiƙ: Assalamu alaikum. Shekaruna 47, ina koyarwa a Kano, kuma wata biyar ke nan da aka tabbatar mini da ciwon suga nau'i na biyu, bayan awon safe ya nuna 212. Ina shan metformin da glibenclamide. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar tsarin da ake kira keto, wato mutum ya bar tuwo, shinkafa, burodi, doya da kunu, ya dogara da ƙwai, nama, kifi, ganye da mai. Tambayoyina biyu ne: shin zan iya farawa alhali ina kan waɗannan magunguna, kuma yaya zan yi a gidan da muke mu tara, tukunya ɗaya ake ɗorawa?

Ummu Hafsat: Wa alaikumus salam, Malam. Ni na yi wata huɗu a kansa, na sauke kilo 11. Makon farko na sha ciwon kai da kasala, daga baya jikina ya sake. Da safe ƙwai uku da man shanu, da rana kwaɗon zogale, da dare miyar kuɓewa da kifi. Ka fara kawai.

Ɗan Zazzau: Ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka koma tuwon alkama da acha, shi mahaifina yake ci.

Maman Khalifa: Malam, don Allah ka saurare ni. Maigidana irin maganinka yake sha. Wata mata a WhatsApp ta karɓi naira 25,000 a hannunsa, ta turo masa jadawalin abinci, ba ta taɓa tambayarsa abin da likita ya ɗora shi a kai ba. Kwana na shida, bayan sallar la'asar, na same shi zaune a ƙofar ɗaki, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, hannunsa na rawa, ina kiran sunansa yana kallona kamar bai san ni ba. Na'urar awon suga ta nuna 41. Zuma na riƙa shafa masa a dasashi har muka isa asibiti a Keke Napep, aka sa masa ƙarin ruwa mai suga. Da na kira matar, sai ta ce jikinsa ne yake fitar da guba, daga nan ta rufe lambata. Har yau idan ya makara a masallaci gabana faɗuwa yake yi.

Mai Kemis: Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Abin da ya faru sananne ne. Glibenclamide yana tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci sitaci ko ba a ci ba, don haka idan aka janye tuwo aka bar maganin yadda yake, suga na iya faɗuwa ƙasa da 70, inda haɗari yake farawa. Tsarin kansa tsoho ne, tun 1921 likitocin Amurka suka fara amfani da shi ga yara masu farfaɗiya, kuma yana rage suga da gaske, amma likita ne zai daidaita magani kafin a fara. Ɗan Zazzau, alkama da acha su ma sitaci ne.

Ummu Hafsat: Da girmamawa, kai magani kake sayarwa. Mu da muka gwada a jikinmu mun fi sanin amfaninsa.

Mai Kemis: Hajiya, ke ƙiba kika rage, ba ki shan maganin suga. Halinku ba ɗaya ba ne.

Bakatsine: Idan dai balangu da tsire sun zama magani, to mai naman unguwarmu ya cancanci a ɗinka masa farar riga.

Baban Iman: Ba a yi maganar kuɗi ba. Kiret ɗin ƙwai 6,500 na saya a Abuja, kuma mai cin uku kullum kwana goma zai yi masa. Albashin malami ba zai ɗauki wannan ba, balle a ware masa tukunya.

Ummu Hafsat: A nan Kano 5,200 nake saya a gona. Awara da gyaɗa ma suna rage tsadar.

Ɗan Maraɗi: A wurinmu jaka uku ne na sefa, amma man shanu na gaske ya yi wuya, galibi gauraye ake kawowa.

Maman Khalifa: Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne asibitin kansa. Tun asuba muke karɓar kati, sai azahar mu ga likita na minti uku, ya ce a rage sitaci, ba tare da ya faɗi me za a ci a madadinsa ba. Da an zaunar da mu an yi mana bayani, me zai kai shi wurin waccan matar?

Baban Iman: Haka yake. Sau biyu aka tura ni wurin masanin abinci, sau biyu ina tarar da ofishin a kulle. Ga tsinken awon suga, kwalin da nake saya bara yanzu kuɗinsa ya kusa ninkawa, har na koma awo sau ɗaya a mako.

Abu Sadiƙ: Na gode muku duka. Ranar Talata zan koma asibiti, zan tambayi likita batun glibenclamide kafin in taɓa komai. Maganar tukunya ɗaya fa, akwai wanda ya taɓa yi?